Yaron da aka ce "ba ya ji" a aji: me likita zai yi masa?

"Assalamu alaikum Likita. Ni malama ce a wata firamare ta gwamnati a cikin garin Gombe. Aji uku nake riƙe da shi, yaran sun haura tamanin. Akwai wani yaro ɗan shekara tara, bana maimaita ajin yake yi. Har yanzu bai iya haɗa baƙi ya karanta kalma ba, in ya kwafi rubutu daga allo sai ya tsallake layi. Wani lokaci ina cikin magana sai in ga ya ƙura ido wuri ɗaya kamar ba ya ajin, sai na kira sunansa sau biyu sau uku. Malaman da suka riƙe shi a baya sun ce ba ya ji ne kawai, ya sha bulala har an gaji. Amma mahaifiyarsa ta ce a Islamiyya yana hadda daidai da sa'o'insa. Hedimasta ya ce iyayen su kawo takardar likita, in ba haka ba su kai shi makarantar masu buƙata ta musamman. Mahaifin ya ce ɗansa ba zazzaɓi ba ciwon kai, me zai je yi a asibiti? Ni ma gaskiya ban san abin da likita zai yi wa yaron da ba ya gane karatu ba. Don Allah a yi mini bayani."

Wa'alaikumus salam Malama. Allah ya saka miki da alheri. A ajin da yara suka haura tamanin, kin iya lura cewa ɗaya yana tsallake layi in yana kwafa, kin kuma lura da yadda yake ƙura ido. Da irin wannan lurar muke fara aiki a asibiti, kuma sau da yawa ita ce ba ma samu.

Idan na fahimce ki, abu biyu kike tambaya. Yaron da ba ya kwance, yana ci yana wasa, karatu ne kaɗai ya gagare shi, akwai abin da likita zai yi masa? Sannan takardar da hedimasta yake nema, me ya kamata ta ƙunsa, kuma amfanin me za ta yi? Ni likitan yara ne, a nan Gombe nake aiki, irin wannan yaron kuwa kusan kowane mako sai an kawo mini. Sai dai ba zan iya gaya miki abin da ke damun ɗalibinki ta wasiƙa ba, sai an gan shi an duba. Abin da zan iya shi ne in nuna miki yadda nake bi idan aka zaunar mini da irinsa.

Mahaifin yana da gaskiyarsa ta wani gefe. Babu ƙwaya ko allurar da ke buɗe ƙwaƙwalwa, kuma kwalaben da ake sayarwa a kemis da sunan ƙara basira kuɗin mutane kawai suke ci. Aikin likita a nan wani ne daban. Kafin karatu ya zauna a kan yaro sai ya bi ta kunne, ya bi ta ido, ya tarar da ƙwaƙwalwa a farke da jikin da ya ci ya yi barci. Likita yana bin waɗannan ƙofofi ɗaya bayan ɗaya ya ga wacce ce a rufe. Wadda magani ko tabarau zai buɗe, sai a buɗe ta. Wadda ba za ta buɗu ba, sai ya gaya wa malami ta ina zai zagaya. Rahoton UNICEF na 2021 ya ƙiyasta yara kusan miliyan 240 a duniya suna da wata nakasa, wato ɗaya cikin goma, saboda haka da wuya a ce wannan yaron ne kaɗai a ajinki.

"Ba ya ji" iri biyu ne

Hausa ta haɗa mana abu biyu a magana ɗaya. In an ce yaro ba ya ji, ana iya nufin kunnen ƙashi gare shi, ana iya nufin sautin ne ba ya isa gare shi. A makaranta ma'anar farko ake ɗauka, a hukunta yaro a kanta shekara da shekaru, alhali ta biyun ce ke damunsa. Shi ya sa kunne nake fara dubawa.

Kurman da ba ya ji sam, tun yana ɗan shekara biyu iyaye sun gane. Wanda yake ɓace mana shi ne mai ji rabi da rabi, ko mai ji da kunne ɗaya. A ɗaki, uwa tana gabansa yana kallon bakinta, lafiya lau suke hira. A aji kuwa, taga a buɗe, babura na wucewa, yara na surutu, malama ta juya tana rubutu a allo tana magana, sai ya tsinci farkon zance ƙarshen ya ɓace masa. Haddar Islamiyya ma ba ta wanke kunnen ɗalibinki ba, domin a can da ƙarfi ake biyawa, baki ɗaya, a maimaita aya sau goma sau ashirin. Mai rabin ji zai iya kamawa.

Abubuwan da ke jawo wannan a yankinmu sanannu ne. Akwai ciwon kunnen da ya daɗe yana zubar da mugunya har dodon kunne ya huje. Akwai ruwan da ke taruwa a bayan dodon kunne bayan mura, ba ya ciwo, sai dai yaro ya riƙa ji kamar an toshe masa kunne da auduga. Akwai dattin da ya daskare. Akwai ƙyanda da hangum, da shawarar da ta yi tsanani a makon haihuwa, da allurar jentamaisin da ake yi wa yara barkatai a kemis. Sai babba, sanƙarau, wanda duk lokacin zafi muke fargabarsa a nan. Duk yaron da ya tashi daga sanƙarau ya kamata a gwada jinsa, ko da ya warke sarai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na rashin ji a yara abu ne da za a iya kare faruwarsa.

Na tuna wata yarinya 'yar shekara takwas da aka kawo daga wajen Kumo, a kan tari ma aka kawo ta. Na ga auduga a kunnenta, na cire, warin ya gaya mini sauran. Uwar ta ce tun yaye kunnen ke ruwa, sun ɗauka haka Allah ya yi ta. Da na tambayi makaranta sai ta ce ai ba ta ja, malamai sun ce daƙiƙiya ce. Aka koya wa uwar yadda za ta tsane kunnen da tsumma mai tsabta, aka ba da maganin ɗigawa, bayan ya bushe aka gwada ji. Ɗaya kunnen bai dawo daidai ba, amma ɗayan ya ishe ta. Muka rubuta a zaunar da ita gaba, kunnen mai kyau yana fuskantar malami.

Ke ma za ki iya gwadawa gobe, lokacin tara da aji ya yi shiru. Ki tsaya a bayansa tsawon hannu ɗaya, yadda ba zai ga bakinki ba, ya toshe kunne ɗaya da yatsa, ki raɗa kalmomin da ya sani, kamar "kaza", "goma sha biyu", "takalmi", ya maimaita. Ki sauya kunne. Ki yi wa wasu yara biyu haka don ki kwatanta. Wannan ba ya maye gurbin gwajin asibiti, amma in ya kasa, kin sami abin da za ki gaya wa mahaifinsa.

Ido kuwa, tsallake layin da kika ambata shi ya sa na zarge shi. Yaron da ba ya hangen nesa ba ya kawo ƙara, domin a zatonsa kowa haka yake ganin allo, dishi-dishi. Ki lura ko yana matse ido, ko yana karkata kai, ko daga littafin na kusa da shi yake kwafa. Ki dawo da shi bencin gaba mako ɗaya ki ga ko rubutun ya gyaru. Gwajin ido a asibiti ba ya ɗaukar lokaci, ko yaro bai san baƙi ba akwai allon da zai nuna da hannu ina ƙafafun harafin suka fuskanta. In tabarau ne, to tabarau ne, kuma ba ya kashe ido kamar yadda ake faɗa. In akwai zabiya a makarantarku, kusan dukkansu ganinsu yana da rauni, gaban aji ne wurinsu, da manyan baƙaƙe, da hula, kuma kada a tsayar da su a rana.

Ƙura idon nan

Wannan ne ya fi tsaya mini a wasiƙarki. Yara da yawa suna tafiya duniyar tunani in darasi ya wuce su, wannan ba ciwo ba ne. Amma akwai wani nau'in farfaɗiya da ba ya kayar da yaro, ba jijjiga, ba kumfa a baki. Ƙwaƙwalwa ce ke ɗaukewa kamar ƙiftawar wutar lantarki, daƙiƙa biyar, goma, sha biyar, ta dawo. Yana iya faruwa sau da dama a yini ɗaya. Yawanci tsakanin shekara huɗu zuwa goma yake farawa. Ki ƙaddara ana yanke miki darasi gutsi-gutsi haka tun safe har a tashi, kuma ba ki ma san an yanke ba. Me za ki ƙulla?

An taɓa kawo mini wani yaro ɗan shekara bakwai da irin wannan ƙorafin. Na yago takarda na riƙe a gaban bakinsa, na ce ya yi ta hura ta kamar yana hura wuta a murhu, kada ya tsaya. Bai cika minti biyu ba takardar ta daina motsi. Idanunsa a buɗe suna kallon bango, fatar idon tana ɗan rawa, leɓensa yana motsi kamar mai tauna. Uwar ta kira sunansa, shiru. Na ƙirga har goma sha ɗaya, sai ya ci gaba da hura takardar daga inda ya tsaya, bai san an yi komai ba. Uwar ta rufe fuska da mayafi tana kuka, tana cewa wallahi haka yake yi mata in ta aike shi, ita kuwa tana ta dukansa. Har yau in na tuna sai raina ya sosu, domin shekara biyu yaron ya yi yana shan duka a kan abin da bai san yana yi ba. Wannan gwajin na asibiti ne, Malama, kada ki yi shi a aji.

Abin da za ki iya yi shi ne, in ya ƙura idon, kada ki kira shi daga nesa. Ki matsa ki taɓa kafaɗarsa. Mai tunani zai zabura ya dube ki. Mai wannan farfaɗiyar ba zai motsa ba sai ta sake shi. Ki lura ko abin yana kama shi a tsakiyar magana ko tsakiyar rubutu, farat ɗaya ya zo farat ɗaya ya tafi. Ki ƙirga daƙiƙoƙin, ki rubuta sau nawa a yini. In iyayen sun yarda, ki ɗauki bidiyo da waya. Bidiyon rabin minti ya fi mini bayanin awa guda.

In ta tabbata, bayan gwajin da ake manna wayoyi a kai don ganin motsin ƙwaƙwalwa, magani yana aiki sosai, kuma yawancin yara suna rabuwa da ita in sun girma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya rayuwa ba tare da tana tashi ba in sun sami maganin da ya dace. Amma dacewar ita ce magana. Karbamazafin, wanda yake da kyau ga wasu nau'o'in, yana iya ƙara tsananta wannan. Fenobabiton, wanda ya fi araha, yana sa wasu yara kasala da barci a aji, wasu kuma ya sa su ƙiriniya. Don haka ba maganin da za a saya a kemis ba ne, kuma ko bayan an fara, malamar aji ce za ta fara ganin ko yaro yana gyangyaɗi da ƙarfe goma na safe. In ba ta aiko mini da labari ba, zan ci gaba da rubuta magani ina zaton komai lafiya.

Tunda mun taɓo farfaɗiya, bari in ƙara wannan saboda sauran malamai. In yaro ya faɗi yana jijjiga, a kawar da benci, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali ko tsinke a baki, kada a ɗura masa ruwa ko manja. In ta wuce minti biyar a kai shi asibiti. Yawunsa ba ya sa wa kowa ciwon. Iyaye da yawa suna fara kai yaro ruƙiyya ko su karɓo rubutu, ni ba na faɗa da addu'a, roƙona kawai kada a ajiye magani saboda ita.

Abin da zan tambayi uwar

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, shi ya sa nake so uwa ce ta zo da yaron, ko wadda ta raine shi, ba ƙanin uba da aka tura ba. Zan tambaya ko ya yi kuka da aka haife shi. Ko idonsa ya yi ɗorawa a makon farko, aka yi ta shanya shi a hantsi maimakon a kai shi asibiti a sa shi ƙarƙashin fitilar da ake maganin shawara da ita. Ko ana sa kafur a cikin kayan jariri, domin yana fasa jinin wasu jarirai ya jawo shawara mai taɓa ƙwaƙwalwa da ji. Yaushe ya zauna, yaushe ya yi tafiya, yaushe ya fara magana. Ko ya taɓa zazzaɓin cizon sauro da ya sumar da shi, ko tamowa. Ko yana minshari yana barci baki buɗe. Ko yana karya kumallo kafin ya fito. Ƙarancin jini da yunwa kaɗai sun isa su dusashe yaro mai basira. Gubar dalma ma ina tambaya, musamman in gidan ana harkar haƙar ma'adinai ko fasa tsofaffin batura, domin abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda yara ɗaruruwa suka rasu, ya nuna mana irin ɓarnarta, kuma kaɗan ɗinta yana rage fahimta ba tare da yaro ya kwanta ba.

Sikila tana buƙatar magana ta daban. Ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da ita duk shekara a Najeriya, kuma malamai sun san ta da ciwon ƙashi da yawan fashin makaranta. Abin da ba a sani ba shi ne tana toshe ƙananan hanyoyin jini a ƙwaƙwalwa a ɓoye, ba shanyewar hannu ba ta ƙafa, sai dai yaron da yake ja a da ya fara mantuwa da jinkiri. Kusan ɗaya cikin uku na yara masu nau'in SS suna samun irin wannan tabon. Akwai gwajin gudun jini a jijiyoyin kai da ake so a riƙa yi musu duk shekara daga shekara 2 zuwa 16, kuma binciken da aka yi a Kano ya nuna maganin haidiroksiyuriya yana rage haɗarin shanyewar jiki ga waɗanda gwajin ya nuna suna cikin hatsari. A aji, mai sikila a bar shi ya sha ruwa, a bar shi ya fita fitsari duk lokacin da ya nema domin ƙodarsa ba ta riƙe ruwa kamar ta sauran, kada a sa shi kamun kunne a rana ko shara cikin sanyin hunturu.

In kunne da ido da jini duk lafiya fa?

A nan haddar Islamiyyar nan take da amfani. Yaron da ke hadda daidai da sa'o'insa, in an aike shi kasuwa ya dawo da canji daidai, yana wasa da tsaransa, da wuya a ce fahimtarsa gaba ɗaya ce ke da rauni. Akwai yaran da basirarsu lafiya lau, amma haɗa baƙi da sautinsa ne yake yi musu wuya ƙwarai, abin da masana ke kira disleksiya. Ki karanta masa labari ki yi masa tambaya da baki. In ya amsa da kyau amma ya kasa karanta layi ɗaya na labarin, to hankalina zai karkata can. Wannan ba shi da ƙwaya, kuma hoton ƙwaƙwalwa ba ya nuna shi. Maganinsa koyarwa ce, baƙi ɗaya da sautinsa, a ji, a faɗa, a zana a ƙasa da yatsa, minti goma kullum. Da Hausa ya fi kyau a fara, domin rubutunta kusan yadda aka rubuta haka ake furtawa, ba kamar Turanci ba.

Sai dai ina taka-tsantsan kafin in liƙa wa yaro wannan suna. In rabin ajin ba su iya karatu ba, matsalar ta fi ƙarfin yaro ɗaya. In a gida Fulatanci ko Tangale ko Tera ko Waja ake yi masa, ya zo makaranta ya tarar da Hausa a waje Turanci a allo, jinkirinsa na harshe ne. In rabin zango yana wajen talla ko gona, ba a koya masa ba ne.

Akwai kuma yaron da jinkirinsa ya game komai, magana, sa kaya, aike, har wasa da ƙananan yara ya fi so. Akwai mai galahanga, wanda ba ya haɗa ido, ba ya shiga cikin yara, sauyi kaɗan ya tayar masa da hankali. Akwai wanda ba ya iya zama wuri ɗaya ko riƙe hankali, a gida da makaranta da Islamiyya duka. Waɗannan ba a yanke hukuncinsu a zama ɗaya. Wanda nake so a gaggauto da shi shi ne yaron da yake ja a da, kwatsam ya koma baya, ko ya rasa abin da ya iya. Ko ciwo ne ya taso, ko wani abu ya same shi a gida ko a hanya da ya kasa faɗa.

Takardar da hedimasta yake nema

Na sha ganin takardar likita mai layi uku, sunan ciwo da Turancin asibiti, sa hannu, hatimi. Irin wannan ba ta amfani malami da komai, wani lokaci ma ita ake riƙewa hujjar sallamar yaro. Ni a ganina likitan da ya gano ciwo bai gaya wa makaranta abin da za ta yi ranar Litinin da safe ba, bai gama aikinsa ba. Ga irin abin da nake rubutawa, da Hausa in ita malamin ya fi so:

"Wannan yaro kunnensa na hagu ba ya ji sosai, na dama lafiya. A zaunar da shi a layin gaba ta yadda kunnen dama zai fuskanci malami. A dube shi in za a yi masa magana. In an ba da umarni a sa ya maimaita. Rashin amsawarsa ba raini ba ne, kada a doke shi a kai. Fahimtarsa daidai take da ta sa'o'insa, kuma zai iya ci gaba a wannan makaranta. Zan sake ganinsa bayan wata uku, ina roƙon malamar aji ta rubuto abin da ta gani."

Ba na rubuta ta sai da yardar iyaye, kuma ba duk abin da ke cikin fayil ne ke shiga ba, sai wanda makaranta ke buƙata don ta taimaka. A ajiye kwafi, domin irinta ake nema gaba in za a roƙa wa ɗalibi tanadi na musamman a jarrabawar WAEC ko JAMB.

Game da cewa in babu takarda a kai shi wata makaranta, ki tuna wa hedimasta cikin ladabi cewa dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin ilimi kyauta har sakandare, ta kuma ce makarantun gwamnati su zama masu karɓar kowa. Makarantar masu buƙata ta musamman tana da muhimmin aiki. Kurman da ba ya ji sam, in ya sami maganar hannu da wuri tare da 'yan'uwansa, ya fi masa zaman shekara shida a ajin da ba ya jin komai, haka makaho da rubutun makafi. Amma yaro mai rabin ji, ko mai buƙatar tabarau, ko mai farfaɗiyar da magani ya riƙe, ko mai wahalar haɗa baƙi, wurinsa yana nan cikin yaran unguwarsu.

Inda hannuna ba ya kaiwa

Ni minti goma sha biyar ko ashirin nake ganin yaro, a ɗakin da yake tsoro, layi yana jira a waje. Ke kina tare da shi awa biyar kullum. Ban iya koyar da karatu ba, ba a koya mini ba. Gwaje-gwajen auna basira yawancinsu a Turai da Amurka aka tsara su, da harshensu da hotunan abubuwan da yaronmu bai taɓa gani ba, don haka ba na ɗaukar makinsu kamar yankan wuƙa. Masu koyar da magana da masana halayyar yara sun yi ƙaranci ƙwarai a Arewa maso Gabas. Na'urar ƙara ji tana da tsada, ga batir ga gyara. Wani ji da ya tafi ba ya dawowa, wani tabon ƙwaƙwalwa ba ya gogewa, kuma ina faɗa wa iyaye haka ƙarara don kada su sayar da akuya da gona suna bin masu alkawarin warkarwa. Hoton ƙwaƙwalwa mai tsada ma yawancin irin waɗannan yaran ba sa buƙatarsa.

In za a kai shi, a nemi sashen yara a Asibitin Ƙwararru na jiha ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe, daga nan za a tura shi wajen likitan ido ko na kunne, hanci da maƙogwaro in da buƙata. Na ɓangaren Bauchi suna da Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Matsalar kunne mai wuya akan tura ta Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna.

Mahaifin kuwa, kada ki ce masa ɗansa yana da matsalar ƙwaƙwalwa, daga jin wannan zai rufe ƙofa. Ki fara da haddar, ki ce yaron da ke riƙe Alƙur'ani haka ba daƙiƙi ba ne, shi ya sa kike zargin ko allon ne ba ya gani ko maganar ce ba ta isa gare shi, a je a duba ido da kunne. Uban da ya ƙi zuwa don "rashin gane karatu" yakan yarda ya je don ido. A dakatar da bulala daga yau. Ki rubuta shafi ɗaya na abin da kika gani, da kwanan wata, da sakamakon raɗar da kika yi masa da na makon da ya yi a bencin gaba. Ki haɗa da littafinsa na rubutu, uwar ta ɗauko katin rigakafi da duk wani magani da yake sha. In takardar likitan ta dawo hannunki, bayan wata uku ki juya bayanta ki rubuta abin da ya sauya da abin da bai sauya ba, ki ba uwar ta koma da ita ranar da aka ba su.